Lallen Sallah da na biki a Kankiya da Kusada: Rabon laifin da ke wuyan mai miƙa hannu

Duk shekara, da zarar azumi ya kai kwana ashirin da bakwai, ko kuma aka kammala girbi bukukuwan aure suka kankama, gidajen masu lalle a Kankiya da Kusada kan koma kamar tasha. Mata da 'yan mata kan yi layi tun daga hantsi har tsakar dare, wasu daga cikin gari, wasu daga Rimaye, Tafashiya, Kafin Soli, Yashe ko Mawashi, kowacce da hoton zanen da take so a cikin waya. Kwana kaɗan bayan haka sai ƙorafi ya biyo baya. Wata ta ce zanen bai kama ba, wata ta ce an tsawwala mata kuɗi, wata kuma hannunta ya kumbura ya yi ƙuraje daidai inda fulawar ta bi. A kusan dukkan waɗannan labarai mai lalle ce ke shan zagi.

Wani lokacin ta cancanci zagin. Amma wanda ya san yadda harkar ke gudana ya san cewa da yawa daga cikin matsalolin daga ɓangaren mai zuwa a yi mata suke farawa: ta zo a makare, tana so a gama da ita yanzu, tana son baƙin da ya fi na kowa, kuma tana so a yi mata a farashin shekaru biyar da suka wuce. Yadda mace ke mu'amala da mai yi mata lalle ya wuce batun gaisuwa da fara'a, domin shi ke yanke irin abin da za a shafa mata a fata.

Daga tukwici zuwa ciniki

A da ƙunshi aikin gida ne. Ana daka ganyen lalle, a tankaɗe, a kwaɓa, a ƙunsa wa mace a ƙafa da ganye da tsumma, hannu kuma a zura shi cikin zunguru, ta kwana da shi. Mai yin aikin gwaggo ce, ko inna, ko wata tsohuwa a maƙwabta, kuma abin da ake ba ta tukwici ne, goro ko 'yan kuɗi ko kwanon abinci. Babu mai yin ciniki da gwaggonta. Daga baya aka shiga yayin yanka salatif ana manna shi don fitar da zane, sannan zanen fulawa na leda mai tsini ya shigo, tare da dilka da halawa da sauran gyaran jiki da suka biyo ta hanyar Borno daga Sudan da Chadi.

Wannan sabon zane sana'a ce cikakkiya. Ana koyon ta wata da watanni, ana zuba mata jari, kuma 'yan mata da zawarawa da matan aure da dama a waɗannan garuruwa da ita suke sayen sabulu, su biya kuɗin makarantar yara, wasu ma su haɗa kayan ɗakinsu. Sai dai tunanin masu zuwa bai canza da saurin da sana'ar ta canza ba. A gari irin Kusada, inda da wuya a sami mutum biyu da ba su haɗa dangantaka ta jini ko ta aure ba, mai lalle kan wayi gari rabin layinta 'yan uwa ne. 'Yar ƙanwar babanta ba za ta biya ba. Matar yayanta za ta ce, "Ƙanwata, ai mun zama ɗaya, sai bayan Sallah." Ƙawar amarya za ta kawo mutum takwas bayan an yi magana a kan biyar. Ita kuwa kunya ba za ta bar ta ta ce uffan ba, don kada a ce ta fifita kuɗi a kan zumunci.

Lissafin kuma bai san zumunci ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Kano ko Katsina, inda ake saro mafi yawan kayan aikin, ya ninka. Hauhawar farashi a ƙasar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana, kuma kayan da ake shigowa da su daga Indiya da Pakistan da sauran ƙasashe sun bi tashin dala. Leda, salatif, auduga, batirin fitilar da za a yi aikin dare da ita, babu wanda ya tsaya a inda yake. Idan mai lalle ta kasa ƙara kuɗin aiki saboda kunya, kuma rabin masu zuwa bashi suke ci, wuri ɗaya ya rage mata ta rage kashewa, wato kayan haɗi. Za ta sayi mafi araha, wanda babu sunan kamfani ko lambar hukumar NAFDAC a jikinsa, wanda ake aunawa a ƙulla a leda. Macen da ta matse farashi har ya kai ƙasa, ta kuma yi murnar ta iya ciniki, ita ce za ta tafi gida da wannan haɗin a fatarta.

Shi ya sa kafin alƙalamin da wasu masu lalle suka fara nema, musamman a aikin amare, bai kamata a ɗauke shi a matsayin rashin yarda ba. Tela na karɓa, mai ɗinkin hula na karɓa, mai abincin biki na karɓa. Tura kuɗi ta waya, wanda ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya tilasta wa mutane koya, ya ma rufe ƙofar tsohon uzurin nan na "ban zo da canji ba." Abin da ya dace shi ne a yi maganar kuɗi kafin a miƙa hannu, a faɗi iya inda zanen zai kai, wuyan hannu ne ko gwiwar hannu, hannu kaɗai ne ko har da ƙafa, sannan a biya kafin a tashi.

"Anti, ki sa ya yi baƙi sosai"

Nan ne maganar ta fi nauyi. Lalle na asali ba ya yin baƙi. Sinadarin da ke cikin ganyensa ja yake bayarwa zuwa ruwan ƙasa, kuma yana buƙatar sa'o'i a jikin fata kafin ya kama, sannan launin ya ci gaba da nuna har kwana ɗaya ko biyu bayan an wanke. Abin da muke kira baƙin lalle, a mafi yawan lokuta, dayis ne, wato rinin gashi, wanda wasu ke ƙara masa ruwan haidurojin don ya yi saurin kamawa. A cikinsa akwai wani sinadari da likitocin fata ke kira PPD. Shi ne ke sa zane ya fito baƙi wuluk cikin ƙasa da sa'a guda.

An yi wannan sinadari ne don gashi. A ƙasashen Tarayyar Turai ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari a rinin gashi bayan an haɗa shi ba, kuma ba a amince a yi zane da shi a fata ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ita ma ba ta amince da shafa shi a fata ba. A ɗakin mai lalle kuwa babu sikeli, da ido ake aunawa, kuma abin da ke ƙara yawan garin da za a zuba shi ne bakin mai jira. "Anti, sauri nake yi, an kusa kamu." "Na wance ya fi wannan baƙi." "Ki ƙara masa ƙarfi don ya kai sati biyu." Kowace irin wannan magana roƙo ne a ƙara sinadarin, ko mai yin ta ta sani ko ba ta sani ba.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne illar ba ta cika bayyana nan take ba. Wadda jikinta ya fara haɗuwa da shi tana iya yin mako guda ko biyu lafiya lau, sannan ƙaiƙayi ya fara, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗuri ruwa, ya bi sawun zanen tamkar an sake zana shi da wuta. Wadda jikinta ya riga ya tsani sinadarin kuwa, cikin kwana ɗaya zuwa uku abin ke tashi. Bayan ya warke yakan bar tabo, fari ko baƙi, wanda a fata irin tamu kan ɗauki watanni kafin ya baje, wani ma ba ya bajewa. Kuma da zarar jiki ya tsane shi, to ya tsane shi ke nan har ƙarshen rayuwa: ranar da matar ta rina gashinta bayan shekaru, fuska da fatar kai na iya kumbura fiye da na farko. Saboda haka cewa "ai na saba yi ban taɓa ganin komai ba" ba hujja ba ce, don sau da yawa a karo na biyar ko na goma ne jiki ke juyawa.

Sudan, wadda muka aro salon zanen daga gare ta, ta riga mu ganin ƙarshen abin. Likitoci a Khartoum sun ba da rahoton yara 31 da aka kwantar tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar haɗin lalle da wannan sinadari, 13 daga cikinsu suka rasu. Mafi munin haɗarin yana zuwa ne idan garin ya shiga ciki, domin yana kumbura maƙogwaro ya toshe numfashi, ya kuma lalata ƙoda. Wannan ya kawo mu ga wata ɗabi'a da ba a ɗauke ta a bakin komai ba: zuwa gidan lalle da ƙananan yara a sake su suna yawo. Uwa na zaune hannu biyu a shanye, ba ta iya kama kowa, ga kwanon haɗi a ƙasa, ga mai rarrafe. Mai lalle ba za ta iya zane da reno a lokaci guda ba. Wadda za ta zo da yaro, ta zo da mai riƙe mata shi.

Ko jan lallen ma yana da inda ake taka-tsantsan da shi. Akwai wata larurar jini ta gado da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Najeriya, musamman a tsakanin yara maza. Jaririn da ke da ita, idan aka shafa masa lalle a jiki da yawa, ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, idonsa ya yi ɗorawa, ya galabaita. Iyaye da yawa ba su san ɗansu na da ita ba. Idan mai lalle ta ce ba za ta yi wa jariri ba, gaskiya ta faɗa, bai kamata a yi fushi a tafi wajen wata ba.

A nan akwai haƙƙi a kan kowane ɓangare. Wajibi ne mai lalle ta faɗi abin da ta haɗa idan an tambaye ta, ba tare da ta ɗauki tambayar a matsayin raini ba. Wajibi ne ita ma mai zuwa ta faɗi gaskiya: ta taɓa yin ƙuraje bayan lalle ko rinin gashi? Tana da ciwo ko ƙuna ko kirci a wurin? Ta yi dilka ko halawa jiya, fatar na nan ɗanya? Tana shafa man bilicin da ya sa fatarta ta yi laushi? Mata da yawa kan ɓoye waɗannan don kada a ce ba za a yi musu ba, sannan idan abin ya ɓaci a ce hannun wance ba shi da kyau. Mu kuma tuna cewa ita mai lallen ta fi kowa shan sinadarin, tun da yatsunta a cikinsa suke wuni, galibi babu safar hannu.

Layi, waya da sirri

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ne ke haddasa faɗan da ake ji a bayan katanga. Wadda aka ba ƙarfe goma ta zo ƙarfe biyu, ta kuma nemi a tsallake waɗanda suka zo tun safe saboda ita matar wani ce. Wadda ake zana wa hannun dama tana latsa waya da na hagu, jiki na motsi, layi ya karkace, ta ce ba a iya ba. Wadda ta shafa mai kafin ta fito, alhali maiƙo na hana lalle kamawa. Wadda ta kawo hoton da aka ɗauko daga Instagram, an gyara shi da na'ura, an yi shi a hannun da ya bambanta da nata, tana so a fitar mata da shi sak cikin rabin sa'a. Mai zane da ta san aikinta za ta ce wannan ba zai zauna a hannunki ba, ga wanda zai fi, kuma sauraron ta riba ce.

Batun hoto kuwa ta kowane ɓangare yake cizo. Masu lalle na tallata aikinsu a WhatsApp da TikTok, kuma hannun amarya shi ne babban tallansu. Amma hannun da ƙafar na mai su ne. A garuruwan da ake gane mace da zobenta ko da labulen ɗakinta, sanya hoton ƙafar matar aure ba da izininta ba na iya tayar da fitinar da ta fi ƙarfin kuɗin lallen. A tambaya kafin a ɗauka. Haka ita ma mai zuwa, ba daidai ba ne ta ɗauki bidiyon ɗakin mutane da sauran matan da ke zaune ba lulluɓi ta watsa. Kuma abin da aka ji a ɗakin lalle, inda mata ke sakin baki saboda daɗewar zama, amana ce a kan duk wadda ta ji.

Zanen da ba ya gogewa

Lalle dai kwana goma ne ko sati biyu ya tafi. Akwai zanen da ba ya tafiya, kuma ƙasar Katsina ta san shi tun kafin a ji kalmar tatu: tsagar gado da wanzamai ke yi, da jarfar da ake yi wa mata a fuska ko a hannu don ado, musamman a rugage. Wannan al'ada ta ja baya sosai. Malamai sun daɗe suna jan hankali cewa hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun haramta zanen da ake huda fata a cusa launi, ga mai yi da wadda ta nemi a yi mata, yayin da lalle ya halatta, kuma ba ya hana ruwan alwala isa ga fata tun da launi ne kawai yake bari. Ta fuskar doka ma, sashe na 24 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ya hana yi wa yaro zane ko tsaga, da hukuncin tarar da ba ta wuce Naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata guda ba, ko duka biyun.

Duk da haka wanzami bai bar aiki ba. Ana kiran sa askin suna, ana zuwa wajensa ƙaho da kaciya, kuma har yanzu akwai masu kai yara a yi musu 'yar tsaga da sunan magani. A nan babban abin da ke wuyan mai zuwa shi ne ƙarfen da za a taɓa jikinsa da shi. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ke bin jini, kuma ƙwayar cutar na iya rayuwa a jikin aska har mako guda. Zuwa da sabuwar reza, ko neman a tafasa kayan aiki a gaban mutum, ba cin fuskar wanzami ba ne. Wanzaman da suka san ciwon kansu su ne ma ke fara cewa a kawo.

Samarin da ke zuwa ci-rani Legas da Abuja da Fatakwal kuma wasunsu kan dawo da tatu na inji a damtse, 'yan mata a birane na zuwa a yi musu zanen gira ko jan leɓe na dindindin. Ban da hukuncin addini da haɗarin allura, akwai abin da ba a cika gaya musu ba: sharuɗɗan ɗaukar sabbin sojoji a Najeriya sun hana mai zane a jiki shiga, kuma goge shi da na'ura ya fi yin sa tsada nesa ba kusa ba, ga shi ba kowane lokaci yake fita duka ba.

Wa zai faɗa wa mutane?

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya lalle cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, ciki har da Sudan da Masar da Maroko. Najeriya ba ta cikin jerin, duk da cewa da wuya a ɗaura aure a ƙasar Hausa ba a yi ranar sa lalle ba. Wannan ya nuna yadda hukumomi ke kallon sana'ar: harkar mata ce ta cikin gida, ba a lissafa ta. NAFDAC na da hurumin duba kayan kwalliya, amma hannunta ba ya kai wa ga ƙullin ledar da ake sayarwa a teburin mai koli ranar kasuwa, balle kwanon da ake kwaɓawa a tsakar gida.

Kankiya tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, wato makarantar koyon aikin lafiya da ke yaye ma'aikatan da ake turawa ƙananan asibitocin jihar, ga kuma babban asibiti. Ɗaliban da ke fita aikin sanin makama a unguwanni da ƙauyuka za su iya shigar da wannan bayani cikin abin da suke faɗa wa mata ranar awo da ranar rigakafi, haka ma malaman Islamiyyun matan aure. Bayanin ba shi da tsawo. Idan wuri ya fara zafi ko ƙaiƙayi ana cikin zane, a wanke nan take da ruwa da sabulu. Idan ya kumbura ko ya ɗuri ruwa, a tafi asibiti, kada a fasa shi, kada a shafa masa man goge baki ko toka ko kanwa. Idan fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya fara wuya, wannan ba abin jira ba ne ko da tsakar dare ne.

Mafi aminci shi ne a tsaya ga jan lalle, a ba shi lokacin da yake buƙata. Wadda ta nace sai baƙi, to ta san cewa ko gwajin da kamfanonin rinin gashi ke cewa a yi, na ɗiga kaɗan a fata a jira a gani, sa'o'i 48 yake ɗauka, kuma ko ya fito lafiya bai ba da tabbacin cewa jiki ba zai juya daga baya ba. Ga mai shirin lallen Sallah, wannan na nufin ta je wajen mai lalle tun azumi na ashirin da shida ko ashirin da bakwai. Ga amarya kuma, tun kafin a fara rabon katin biki ya kamata uwar ɗakinta ta je a yi maganar rana, da yawan ƙawayen da za a yi wa, da kuɗi, da abin da za a zuba a kwanon.